Duwatsun Tunawa a Zanzibar

A tsohon garin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya akwai wani rami a harabar babbar majami'ar Anglika. A cikinsa an tsayar da siffofin mutum biyar, maza da mata, sarƙa a wuyansu. Clara Sörnäs, 'yar ƙasar Suwidin, ita ta yi wannan aiki a 1998. Wurin dā kasuwar bayi ne. An rufe ta a 1873, kuma a shekarar aka aza harsashin majami'ar. An ce bagadin yana daidai inda ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Duk mai son ganin siffofin nan, dole ya sunkuyar da kai.

Mun sani wasu dattawanmu ba sa sakin jiki da siffar da aka sassaƙa, domin tsoron bautar gumaka. Tsoron yana da tushe. Amma ba wanda yake yi wa waɗannan siffofi sujada. Aikinsu irin na duwatsu 12 ne da Joshuwa ya kafa a Gilgal, domin yara su tambaya, iyaye su ba da amsa.

To, mu ina namu duwatsun? Da yawa daga cikin ikilisiyoyinmu suna ƙauyukan da aka sha kai wa hari ana kwashe mutane, har kakanni suka gudu kan duwatsu. A 1909 mishan ta SUM ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, inda aka goyi yaran da aka ƙwato. Matasanmu nawa ne suka taɓa jin wannan labari? Abin kunya kuma, har yau akwai gidajen masu bi da ake hana aure domin an ce wane jikan bawa ne.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa ta zauna da tsofaffin da suka rage, a rubuta sunaye da wurare tun suna da rai. Ko allon dutse ne a bakin majami'a, a kafa. Manufar ba ta da tsohuwar gaba da maƙwabta ba ce, sai dai mu girmama waɗanda aka sayar kamar dabbobi alhali an halicce su cikin kamannin Allah.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tunawa. Amin.