Jami'ar Mutare Da Baikon Amurka

A shekarar 1988 ne babban taron cocin United Methodist ya amince a kafa jami'a a Mutare ta ƙasar Zimbabuwe, aka buɗe ta a 1992 da ɗalibai 40. Baikon da majami'un Amurka ke tarawa shi ne ƙashin bayanta. To, ga shi daga 2019 zuwa 2023 majami'u fiye da 7,000 sun ɓalle a can, har taron 2024 ya zaftare kasafin kuɗin cocin ƙwarai.

A ganinmu, mabiya wannan coci, tun daga Jalingo har 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun, su ya kamata su kafa mata gidauniya tun yanzu, tunda 'ya'yan Nijeriya ma suna karatu a can.