Sarkin da Ya Ƙi a Kira Shi Sarki

Kalmar principe, wadda Italiyawa ke kiran mai mulki da ita, Faransawa kuma su ce prince, ta samo asali daga princeps ta Latin, ma'anarta kuwa "na farko" ce kurum. A majalisar dattawan Rum, wanda sunansa ke saman jerin 'yan majalisa shi ake ba wannan laƙabi. Girma ne, babu runduna a bayansa. A ganina, hawan da kalmar ta yi daga nan zuwa gadon mulki dabara ce ta siyasa. Rumawa sun tsani kalmar rex, wato sarki, tun da suka kori sarkinsu Tarkwin, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa bisa riwayarsu. Zargin kwaɗayin wannan suna na cikin abin da ya jawo aka daddaɓa wa Yuliyas Kaisar wuƙa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Magajinsa Agustas ya ga abin da ya faru, sai ya tattara iko duka a hannunsa, ya ce shi princeps ne, ɗan ƙasa na farko, ba sarki ba.

Wani zai ce ai ma'anar kalma takan sauya da kanta, ba sai wani ya ƙulla ba. Haka ne, amma wannan dai an san wanda ya ɗora mata nauyin. Wani kuma zai ce Agustas bai rushe majalisa ba, ana ma ci gaba da zaɓen jami'ai. Gaskiya ne, sai dai akasarin rundunonin daula suna ƙarƙashinsa, Masar da hatsinta tana hannunsa, kuma da ya rasu a shekara ta 14 miladiyya, Tibariyas, ɗan matarsa da ya ɗauka ɗa, shi ya gaje shi. In ba sarauta ba, mene ne wannan?

Kafin Makiyabeli ya rubuta littafinsa Il Principe a 1513, tawali'un kalmar ya riga ya goge. Yana kiran har wanda ya ƙwaci gari da takobi da ita. Dabarar kuwa ba ta tsufa ba. Musolini ya zaɓi duce, daga dux, jagoran mayaƙa, ya bar wa Sarki Bikta Emanuwel na Uku kambinsa, shi kuma ya riƙe Italiya daga 1922 zuwa 1943.