Kufan Masana'antar Pölitz

Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa, inda katangar laka kan narke cikin 'yan damuna, har labarin ɓarnar da rundunar Bafaranshe Voulet ta yi wa garin Lugu a 1899 ya fi zama a bakin dattawa, lalle zai yi ta'ajibin Pölitz, kusa da Szczecin ta Polan, inda Jamusawa suka soma gina masana'anta a 1937 domin tatso man jirgin sama daga kwal. Masu son a rushe kufanta, a ganina, ba su yi wa dubban 'yan aikin tilas da suka halaka cikinta adalci ba, alhali kuwa bama-baman yaƙi sun ragargaje ta, Rashawa sun kwashe injunanta, amma hasumiyarta ta kankare tana tsaye, jemagu kuma sun gaje ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa.