SALLAMA BA KORA BA CE

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, 'yan tireda da 'yan koli da masu awo, ku matso ku ji. Wa ke cikinmu bai taɓa rufe rumfa ya tafi jinya ba? Mun sayar da akuya, mun taɓa jari, mun kwana a tabarma bakin ɗakin marasa lafiya. Ran nan da la'asar sai a ce, "An sallame ku, ku ba da gado." A miƙa mana guntuwar takarda da Turancin likita, wadda ko ɗanmu na sakandare ba ya iya karantawa. Shi ke nan fa!

Me ya kwantar da mutum? Ba a faɗa ba. Ƙwaya nawa, har kwana nawa? Oho. Sai mai hawan jini ya ji sauƙi ya ajiye magani, alhali nasa ba a barinsa sai likita ya ce. Mai tarin fuka ya sha na wata biyu ya daina, alhali wata 6 ne. Maijego mai kumburin ƙafa ta koma gida, uwar miji ta dama mata kunun kanwa, don ba wanda ya zaunar da tsohuwa ya gaya mata kanwa na wahalar da zuciya. Bayan kwana kaɗan a sake ɗauko shatar mota. Kuɗi biyu, wahala biyu, wani lokaci kuwa sai likkafani.

To, bayanin nan ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta ce a sanar da maras lafiya halin da ya ke ciki, da magani, da haɗarinsa, da kuɗinsa, cikin harshen da ya ke ji. A 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙin marasa lafiya. Doka na nan a Abuja. Yaushe za ta iso bakin gadonmu?

Kada a ce muna gaba da nas-nas. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu. Wadda ta kwana tsaye ita kaɗai a kan ɗaki guda, ina ta ga sukunin zama da kowa? Laifin na masu riƙe da baitulmali ne, waɗanda in mura ta kama su sai Ingila ko Masar. Amma gajiya ba ta halatta tsawa ba.

Ga abin da mu ke nema. A sanar da mu tun jajibere, mu nemi kuɗin mota. A sallame mu da hantsi, gama kowa ya san abin da hanyoyin Kurfi da Safana da Batsari suka gani a shekarun nan in rana ta faɗi. A yi bayani da Hausa a gaban mai jinya da mai biyan kuɗi, a sa su maimaita. A rubuta ranar komowa da alamun haɗari, da boko ko da ajami. A ƙaro ma'aikata.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku naɗe tabarma sai kun tambaya. A kasuwa ba mu karɓar buhu sai mun kwance baki mun duba. Ran mutum ya fi buhun gero.