Sirki Daban, Algus Daban

Bahaushe, da yake ya daɗe yana ma'amala da nono da fura da kunu, bai yarda ya kira kowane irin ƙarin ruwa da suna guda ba, domin ya lura cewa aikin hannu yakan zo ɗaya alhali niyyar da ke bayansa ta sha bamban. Idan uwa ta zuba ruwan sanyi a cikin tafasasshe don wankan jariri, an ce ta sirka, wasu su ce surka. Idan kunu ya yi kauri aka sassauta shi, an tsarma masa ruwa. In kuwa hannu ya zarce har ya koma salala, to ya tsinke. Babu zargi ko kaɗan a cikin waɗannan kalmomi.

Amma da zarar an yi ƙarin a ɓoye, aka ɗora ƙwarya a ka aka nufi kasuwa, aka karɓi kuɗin nono tsantsa a kan abin da sulusinsa ruwa ne, sai sunan ya koma algus, kalmar da muka aro daga Larabci, algishshu, wato ha'inci, muka haɗiye ta tare da alif da lam ɗinta kamar yadda muka yi wa alƙali da alƙalami. Ta shigo mana ne ta zaurukan malamai, inda ɗalibin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani yake karanta haramcin ɓoye aibin haja da cakuɗa marar kyau da mai kyau. Sananne ne kuma labarin yarinyar nan ta Madina wadda ta ƙi bin umarnin mahaifiyarta na zuba ruwa a madara, Sayyidina Umar ya ji ta da dare, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga zuriyarsu aka sami Umar ɗan Abdul'aziz.

A Gidan Sori da sauran garuruwan Gidan Rumji, inda fura, ko hura kamar yadda ake faɗi a Gobir, ita ce abincin rana, wannan bambanci ya shafi rayuka. Matar da rumbunta ya yi ƙasa a tsakiyar damina ta tsarma wa furar 'ya'yanta ruwa don ta ishe su, lalura ce ta sa ta, kuma taimako ya kamace ta. Wadda kuwa ta ɗebi ruwan tafki ta ƙara a nonon sayarwa, ta sa garin kuka ya mayar masa da kauri, ta tauye abincin yaro ta kuma jawo masa gudawa, a yankin Maradi da bai manta tamowar 2005 ba. Haka hukuncin yake ga mai gauraya man gyaɗa da mai tsarma kananzir a fetur.

Ina kira ga sarakunan kasuwa da limamai su kira abin da sunansa a bainar jama'a, su wajabta wa duk wanda ya sirka hajarsa ya bayyana wa mai saye, ya kuma rage farashi gwargwadon abin da ya ƙara.