Sanda ko dusa: wanne ya fi koyarwa?

Da bazara ne ake horon shanun noma, kafin ruwan shuka ya sauka. Duk mun sha gani. An ɗora wa ɗan sa karkiya, ya ƙi tafiya, sai sanda ta hau bayansa. Gobe idan ya hangi karkiya, sai ya tsinke igiya. Mai shi ya ce san nan ba ya jin magana. Mu kuwa a ganinmu ya ji sarai. Abin da aka koya masa shi ne karkiya tana zuwa tare da ciwo.

Masana halayyar mutum da dabba sun daɗe suna binciken wannan al'amari. A shekarar 1898, wani malami a ƙasar Amurka mai suna Edward Thorndike ya sa kyanwa mai jin yunwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an ja wata igiya. Da farko kyanwa ta yi ta yaƙushi, har ta ja igiyar ba da nufi ba. Ta fita, ta ci. Da aka yi ta maimaitawa, sai ta daina ɓata lokaci: ana rufe ta, ta nufi igiya. Thorndike ya ce duk aikin da abu mai daɗi ya biyo bayansa, za a sake yin sa.

Bayansa wani malamin, B. F. Skinner, ya yi gwaji da kusu, ya buga sakamakon a 1938. Kusu ya koyi danna wani ɗan ƙarfe don ƙwayar abinci ta faɗo. Daga baya aka sa ƙarfen ya riƙa bugun ƙafarsa idan ya danna. Ya rage dannawa na ɗan lokaci. Da aka bar bugun, ya koma ga halinsa. Ashe duka ya danne halin ne kurum, bai shafe shi ba.

Ba mu ce tsawatarwa ba ta da amfani ba. Yaron da ya miƙa hannu ga wuta, ko ya nufi bakin rijiya, dole a hana shi nan take. Amma sanda tana cewa "bari" ne kaɗai, ba ta nuna abin da za a yi. Kuma tana koyar da ɓuya. Yaron da ake duka don ya yi ɓarna, sau da yawa yakan koyi yin ta inda babu idon babba.

Wani abu kuma da gwaje-gwajen suka nuna: lada sai ta zo da wuri take aiki. Idan sa ya yi taki goma a miƙe cikin kunya, a nan za a shafa wuyansa, a ba shi ɗan dusa ko gishiri. Dusar da aka zuba masa da dare a turke ba zai haɗa ta da aikin safe ba. A fara da kaɗan: yau ya saba da igiya, gobe da karkiya, jibi ya ja gungume, sannan garma.

Wannan magana ta shafi lafiyar ɗiyanmu. Allurar rigakafi tana da wata wahala: ladarta tana nesa, ba a ma ganin ta, tunda cutar da ba ta zo ba ce. Abin da uwa take gani a ranar shi ne doguwar tafiya, da jira cikin rana, da kukan jinjiri, wani lokaci har da zazzaɓi da dare. Idan kuma ta makara aka yi mata faɗa gaban jama'a, to me muka koya mata? Mun koya mata kada ta dawo.

A ƙasar Indiya, a yankin Udaipur, an yi wani gwaji a ƙauyuka 134, aka buga sakamakonsa a 2010. Inda ba a canza kome ba, yara 6 cikin 100 suka cika allurarsu. Inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa ƙauye kowane wata ba fashi, aka samu 18. Inda aka ƙara da ba uwa kilo guda na wani ƙaramin wake a kowace allura, da farantan cin abinci idan ta gama, aka samu 39. Biyu daga cikin masu binciken, Esther Duflo da Abhijit Banerjee, sun samu kyautar Nobel a 2019.

Wani zai ce: ashe sai an biya uwa kafin ta kula da ɗanta? A'a. Kilon wake bai sayi ƙaunar kowa ba. Ya dai sa ranar wahala ta ƙare da abu mai daɗi a hannu. Inda babu wake, akwai abin da ba a saye. Ma'aikacin lafiya ya gai da uwa da sunanta, ya ce mata sannu da ƙoƙari, ya nuna mata a kati allura nawa ta rage. Maigida shi ma, ran da ta dawo daga gidan likita da goyo, ya tarbe ta da godiya, ko da tuwon dare ya makara.