"Daure Ki Tashi" Ba Magani Ba Ne

A ƙasar Hausa akwai ciwon da ake tausaya wa mai shi, akwai kuma wanda ake yi wa mai shi kallon hadarin kaji. Wanda ya karye, kowa zai ga karan ɗori. Mai zazzaɓi, a taɓa goshinsa a ji rau. Amma wanda ya ce gajiya ce ta kwantar da shi wata da watanni, ba kumburi ba rauni, an ɗebi jini an ce lafiya lau, shari'arsa an yanke ta tun bai buɗe baki ba: rago ne, mai son jiki. In mace ce, a ce langaɓewa take yi don kada ta karɓi girki. Maganin da ake ba su kuma ɗaya ne, daga garin Darki har cikin Birnin Kano: daure ka tashi, kwanciya ce ke ƙara kashe jiki. To ni na ce wannan shawara da muke bayarwa da kyakkyawar niyya, ga wasu marasa lafiya guba ce.

Akwai ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS, wato ciwon gajiya mai naci. Ba yau aka san shi ba. A 1955 ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke Landan, har sai da aka rufe asibitin na ɗan lokaci. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kada kuma wani ya ce ciwon Turawa ne, na waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin kuka. A 2007 Mary Gloria Njoku da Leonard Jason da abokiyar aikinsu sun wallafa binciken da suka yi a nan Najeriya, suka samu kashi 0.68 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, kusan mutum 7 ke nan a kowane 1,000, fiye ma da abin da Jason ya samu a birnin Shikago na Amurka. Ka tsaya a kasuwar Darki ranar da take ci, ka dubi yawan jama'a, ka yi lissafin da kanka. Sai dai waɗanda ciwon ya fi ci ba za ka gan su a kasuwa ba. Suna ɗaka, kuma mata sun fi yawa a cikinsu.

Sau da yawa yakan biyo bayan wata rashin lafiya ne. Zazzaɓi ya tafi, ƙarfi ya ƙi dawowa. Bayan annobar korona ta 2020 an ga haka a ƙasashe da dama. Amma abin da ya raba shi da gajiyar da kowa ya sani shi ne, jiki ba ya karɓar fansarsa nan take. Galibi sai bayan awa 12 zuwa 48 da yin aikin sannan mutum ya zube, kuma zubewar takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. A wannan jinkirin ne duk zargin ya samu gindin zama.

Ɗauki matar aure da ta wayi gari ranar Asabar ta ji jikinta ya ɗan saki. Ga suna a gidan ƙanwar mijinta, in ba ta je ba a ce ta yanke zumunci. Ta je, ta tsaya kan tukunya, ta taya tuƙin tuwo, ta gaisa da kowa, har shewa ta yi. Lahadi ta wuni jiki a sanyaye. Litinin ta kasa ɗaga kai daga matashi. Hasken taga na sukar idonta, kukan goyonta na ratsa kanta, maƙogwaro na ciwo, an tambaye ta inda ta ajiye makulli ta rasa kalmar da za ta amsa da ita. Sai ga uwar miji ta ɗaga labule: "Ke da na gani shekaranjiya kina shewa a gidan suna? Wa za ki yi wa wannan?" Hajiya ba ƙarya ta yi ba, ta gan ta. Abin da ba ta sani ba shi ne, shewar Asabar ɗin ce ta haifi kwanciyar Litinin.

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin cin riba da cin uwar kuɗi. Mai lafiya ya yi aikin wuni, ya kwanta, gari ya waye jarinsa ya dawo cif. Mai wannan ciwo jarinsa kaɗan ne, barci kuma ba ya mayar masa da abin da ya kashe, domin yakan tashi a gajiye kamar bai runtsa ba. Duk ranar da ya daure ya wuce iyakarsa, uwar kuɗi ya ci, gobe da ƙaramin jari zai fito. Wanda ke ce masa ya ƙara daurewa, karya shi yake son yi bai sani ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba, manyan likitocin Ingila ma sun yi, da digirorinsu. A 2011 mujallar Lancet ta buga wani babban gwaji mai suna PACE, da aka yi a kan mutum 641, aka ce ƙara motsa jiki daki-daki yana taimakawa, daga baya har aka yi shelar cewa kashi 22 cikin 100 sun warke. Majinyata suka ce su dai abin da suke ji a jikinsu ba haka ba ne. Wani daga cikinsu, ɗan Ostireliya, ya bi shari'a har aka tilasta fitar da alƙaluman a 2016. Da aka sake lissafi da ma'aunin da masu gwajin suka ɗaukar wa kansu tun farko, adadin ya faɗo ƙasa da kashi 10, bai yi wa na waɗanda ba a sa su motsa jikin ba wata tazara ba. A Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye shawarar, ta ce kada a ƙara ɗora masu wannan ciwo a kan irin wancan tsari. Akwai ma gwajin da ake sa mutum tuƙa keke kwana biyu a jere ana auna numfashinsa. Mai lafiya yakan maimaita a rana ta biyu abin da ya yi jiya, mai wannan ciwo kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi. Ragwanci ba ya nunawa a na'ura haka. Su can sun saki ra'ayin, mu muna nan riƙe da shi ƙam.

Namu ma ya fi muni, domin muna da abin taya daurewa. Shiga wani kyamis da yamma ka ji: "A haɗa min na gajiya." A zuba ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a 'yar leda, ba suna ba tambaya. Wani ya kurɓi gadagi, wani ya kai ga tiramadol. Wadda ke gida a kira mai allura ya ɗaura mata ruwa leda biyu, a ce taifot da maleriya ne, karo na nawa ke nan. In duk an gaji, a ce sammu ne ko iska. Ƙwayar da ke rufe bakin gajiya ba ƙarfi take ƙarawa ba, gargaɗin jiki take toshewa, mutum ya zarce iyaka bai ji ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba kowace gajiya ce wannan ciwo ba, kuma babu gwajin jini guda da ke nuna shi. Dole a fara zuwa asibiti, ko Wudil ko Kano, a duba ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, ciwon hanta, ƙoda, maƙoƙo da ciwon damuwa, waɗanda duk suna da magani ko hanyar kulawa. Mai hawan jini da mai suga kuwa motsa jiki alheri ne gare su. Ina magana ne kan wanda aka bincika, watanni suka shuɗe, kuma kullum aiki kaɗan ke kwantar da shi bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wannan, abin da ya rage masa shi ne tattalin ƙarfi. Ba waraka ba ce, domin har yau ba a samo maganin ciwon ba, amma yana rage zubewa. Dokarsa mai wuya ce ga Bahaushe: ka tsaya tun kafin ka gaji. Wanki a raba shi kwana uku. Surfe da niƙa a kai inji. Yankan kuɓewa da tankaɗe a yi su a zaune, don doguwar tsayuwa kaɗai tana cin ƙarfin masu ciwon. Bayan Azahar a kwanta a ɗaki shiru, ba waya ba rediyo, ko da ba a ji gajiya ba. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta aikin kowace rana da yadda aka tashi, ko yaro ɗan makaranta ya rubuta, a hankali za a gane abin da ke kayarwa. Ranar da aka ji sauƙi ita ce ranar haɗari, don ran nan ne ake son biyan duk aikin da ya taru. Sannan ga dubiya. Lada ne, amma cika ɗaki da mutum goma, kowa sai an amsa masa "ya jiki" an tambayi mutanen gidansa, shi ma aiki ne a wurin marar lafiya. A gaisa daga bakin ƙofa, a yi addu'a, a tafi.

Na san abin da za a ce: talaka ina ya ga ta hutu? Wanda in bai fita ba ba za a ɗora tukunya ba, ka ce masa ya kwanta da rana tsaka? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Amma a yi lissafi. Ɗan dakon da ya ɗauki rabin kayan da ya saba, ya dawo gobe da jibi, da wanda ya ɗauke duka yau ya kwanta mako guda, wa ya fi kawo cefane? Talaka ne ma ya fi kowa buƙatar tattali, don shi ne ba shi da mai ciyar da shi in ya zube.

Abin da ya fi ba ni mamaki, addininmu ya riga mu yin rangwame. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa, aka ba shi damar yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. An ɗauke wa marar lafiya azumi ya rama daga baya. Allah ya karɓi sallar mace marar lafiya a zaune, mu kuma mun ce sai ta yi mana daka a tsaye?

Maigida, in wannan bayani ya yi kama da halin matarka, kai ta asibiti a bincika, sannan ka zauna da Hajiya da abokiyar zamanta a sake rabon aikin gidan. Ranar da kuka ga ta kwanta alhali ba ta gaji ba, ku ƙyale ta, maganinta take sha.